Mai Hidimar Jama'a da Kujerar Majalisa

A kowane gari akan sami mutum guda wanda in abu ya ɓaci ƙofarsa ake fara bugawa. In miji da mata sun saɓa, shi ake kira ya sasanta. In maraya ya rasa mai riƙo, shi zai bi dangi gida gida har a sami wanda zai karɓe shi. In an tsare yaro a hannun 'yan sanda, shi zai tafi ya ji dalili. Wani albashi yake ci a kan wannan aiki, watau ma'aikacin ofishin jin daɗin jama'a ne, wani kuwa don Allah kawai yake yi. Irin wannan mutum in ya daɗe a kan aikin, wata rana sai ya lura ruwa yake ta kwasa daga cikin ɗaki, alhali kuwa rufin ne ke yoyo. Sa'an nan sai hankalinsa ya koma ga Majalisa, inda ake yin doka, ake kuma kasafta kuɗin jama'a. To, ko ya kyautu ya aje aikinsa ya shiga takara? In kuwa ya shiga, da wane ma'auni talakawa za su auna shi? Mutanen Gangara da sauran ƙasar Jibiya suna da dalilin yin wannan tunani, kuma akwai labarin da zai taimake su.

An haifi Malam Aminu Kano a 1920 a unguwar Sudawa cikin birnin Kano. Mahaifinsa, Malam Yusufu, malami ne mai aiki a kotun alƙali, saboda haka Aminu ya tashi da karatun Muhammadiyya kafin ya shiga makarantar boko. Ya yi Midil ta Kano, ya wuce Kwalejin Kaduna, a 1942 aka tura shi koyarwa Midil ta Bauci. A can shi da Malam Sa'adu Zungur suka riƙa zama da sauran ma'aikata suna tattauna abin da ke damun ƙasa. A 1946 ya tafi Ingila ƙaro ilmin koyarwa, ya komo ya sa hannu aka kafa ƙungiyar malaman makarantu na Arewa a 1948, daga baya aka kai shi Maru ta Lardin Sakkwato ya shugabanci makarantar horon malamai.

Duk inda ya zauna, aikinsa bai tsaya a bakin allo ba. Ya ga yadda ake yanka wa talaka haraji fiye da ƙarfinsa, ya ga aikin tilas, ya ga yadda ake barin 'ya'ya mata cikin jahilci. Mai albashin gwamnati kuwa bakinsa a ɗaure yake, iyakarsa ya taimaki wanda ya zo gabansa. A 1950, shekarar da aka kafa Jam'iyyar Neman Sawaba, watau NEPU, ran 8 ga Agusta a Kano, sai Malam Aminu ya aje aiki ya komo gida. Ba ƙaramar kasada ba ce, gama a zamanin nan ba a cika samun wanda zai saki albashi da fensho ya kama abin da ba tabbas ba. Gidansa ya zama matattarar masu kuka, daga birni da ƙauye, kowa da ƙararsa.

A 1951 aka yi zaɓen Majalisar Jihar Arewa da ke Kaduna. Zaɓen nan hawa hawa ne. Talakawa su zaɓi wakilai a unguwa, waɗannan su taru su zaɓi na gaba, haka har a kai hawa na ƙarshe a Lardi. A wannan hawa na ƙarshe kuwa doka ta ba En'e iko ta ƙara mutanenta, gwargwadon ɗaya bisa goma na masu zaɓen. 'Yan Sawaba sun yi rinjaye ƙwarai a hawan farko cikin birnin Kano, amma da aka kai ƙarshe ba wanda ya tsira a cikinsu. A 1954 Malam Aminu ya nemi kujerar Majalisar Tarayya ta Ikko, Maitama Sule ya ka da shi. A 1956 ya sāke neman Majalisar Jihar Arewa a Kano ta Gabas, Ahmadu Ɗantata na Jam'iyyar Mutanen Arewa ya ka da shi. Sai a 1959 ya ci zaɓe, ya tafi Ikko wakilin Kano ta Gabas. Majalisar Kaduna dai, wadda ya fara nema, Allah bai nufe shi da zama cikinta ba.

Abin lura na farko ke nan. Son da mutane ke yi wa mai taimakonsu dabam, ƙuri'a dabam. Mutum ya iya kwana yana sa wa mai hidima albarka, gari ya waye ya jefa wa wani ƙuri'a, ko don tsoron mai unguwa, ko don bashin da ke wuyansa, ko don ɗan abin da aka danƙa masa da dare. Wanda ya shiga takara yana lissafin waɗanda ya yi wa alheri, lalle zai sha mamaki. Malam Aminu ya fāɗi har sau uku, bai rufe ƙofarsa ba, bai kuwa ce talakawa sun ci amanarsa ba. Mahaƙurci mawadaci.

Akwai kuma wadda ba a ko ba ta damar fāɗuwa ba. Hajiya Gambo Sawaba, wadda aka haifa a 1933, ta tashi a Zariya, ta shiga Jam'iyyar Neman Sawaba tun tana yarinya, ta zama shugabar matanta. Ta yi yaƙi da auren wuri, ta nemi a sa 'ya'ya mata makaranta, ta riƙe 'ya'yan mutane da yawa a gidanta, ta sha ɗauri ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. In hidimar jama'a ce ke kai mutum Majalisa, da ita ce kan gaba. Amma a zamanin nan matan Arewa ba su da ƙuri'a, balle su tsaya takara, alhali a Jihar Gabas Margaret Ekpo ta ci zaɓen Majalisa tun 1961. Sai a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976 matan Arewa suka fara jefa ƙuri'a. Gambo ta rasu a 2001, ga shi yau akwai babban asibiti a Zariya mai sunanta. Duk macen da ta saka takarda cikin akwati a Gangara, ta san akwai wadda ta kwana a kurkuku kafin a kai ga haka.

To, mene ne amfanin Majalisar da ake wannan wahala dominta? Mutanen Jibiya sun gani da idonsu. A 1979 ƙasar Katsina tana cikin Jihar Kaduna, Alhaji Balarabe Musa na jam'iyyar PRP, wadda Malam Aminu ya shugabanta, ya ci Gwamna. Da hawansa ya soke haraji da jangali, kamar yadda Alhaji Abubakar Rimi ya yi a Kano. Abin da aka shekara kusan talatin ana kuka a kansa, rana ɗaya ya kau, daga birni har ƙauyukan bakin iyaka. Ba yawan roƙo gidan dagaci ya kawar da shi ba, iko ne ya kawar da shi. Amma mafi yawan 'yan Majalisar Jihar Kaduna 'yan NPN ne. Suka ƙi amincewa da mutanen da Gwamna ya kawo don su zama kwamishinoni, a watan Yuni na 1981 kuma suka tsige shi, mataimakinsa Alhaji Abba Musa Rimi ya hau. Wanda ke cewa kujerar Majalisar Jiha ƙaramar kujera ce, sai ya tuna masu irinta ne suka sauke Gwamna.

Ran 23 ga Satumba 1987 aka yanke Jihar Katsina daga Kaduna. Majalisarta tana da wakilai 34, Jibiya tana da ɗaya daga cikinsu, kowane zaɓe kuwa na shekara 4 ne. Tsarin Mulki na 1999 ya bayyana wanda zai iya tsayawa. Sai ɗan ƙasa, mai ilmi gwargwadon na gama sakandare, wanda wata jam'iyya ta tsayar. Dā sai ya kai shekara 30, amma a 2018 aka rage zuwa 25. Ma'aikacin gwamnati kuwa tilas ya aje aiki aƙalla kwana 30 kafin ranar zaɓe. Watau har yau ma'aikacin jin daɗin jama'a ba shi iya riƙe albashi da hannun dama, takara da hannun hagu. Kasadar da Malam Aminu ya yi a 1950, shi ma sai ya yi ta.

Ƙasar Jibiya kuwa tana bukatar wakili wanda ya san ciwonta. Gari ne na bakin iyaka, daga Magama sai Ɗan Isa, sai Maraɗi. Mutanen ɓangaren biyu dangin juna ne, gama bayan jihadi sarakunan Katsina na dā arewa suka nufa suka kafa Maraɗi, tun kafin Turawan Ingila da na Faransa su shata iyaka a farkon ƙarni na 20. Abincin mutane da yawa a kan hanyar nan yake: direba, da ɗan dako, da mai sayar da abinci a tasha, da mai awon hatsi. A watan Agusta na 2019 Gwamnatin Tarayya ta rufe iyakokin ƙasa, ta Jibiya ba a buɗe ta ba sai Afrilu 2022. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 aka sāke rufewa, sai Maris 2024 Nijeriya ta buɗe nata ɓangaren. Kafin wannan, a watan Yuli na 2018, ambaliya ta auka wa garin Jibiya cikin dare, ta hallaka mutum fiye da 40, ta rusa gidaje masu yawa. Ga kuma 'yan bindiga da suka tashi ƙauyuka, suka bar zawarawa da marayu a hannun dangi. Duk waɗannan masifu a gaban mai hidimar jama'a suke fara sauka. Shi ya san gidan da ba a ɗora tukunya ba, ya san yaron da ya bar makaranta ya koma tasha. Wannan sani ba a sayensa a kasuwa, Majalisa kuwa tana bukatarsa.

Amma wajibi ne mai zaɓe ya san iyakar ikon kujerar. Buɗe iyaka da rufe ta, da kwastan, da shige da fice, da soja, da 'yan sanda, duk a hannun Gwamnatin Tarayya suke. Ɗan Majalisar Jiha iyakarsa ya tashi ya kawo ƙudiri, a yi kira ga Abuja. Ɗan takarar da ya yi rantsuwa a dandali cewa shi zai hana rufe iyaka, ko bai san aikin ba, ko kuwa ya raina hankalin masu sauraro. Abin da ke hannunsa shi ne dokokin jiha da kasafin kuɗinta. Gwamna ba shi da ikon kashe kuɗin jiha sai Majalisa ta yarda, kuma Majalisa tana da ikon kiran kwamishina ta tambaye shi inda kuɗi suka shiga. Nan ne makaranta da asibitin ƙauye da rijiyar burtsatse da magudanar ruwa suke samun rabo, ko su rasa. Ga misali: a 2003 aka yi dokar haƙƙin yara ta Tarayya, amma ba ta aiki a jiha sai Majalisar jihar ta yi tata, Katsina kuwa sai a 2020 ta sami dokar kare yara. Shekara 17 ke nan tsakani. Wa ya fi cancanta ya tsaya kan irin wannan doka, ya ga an zartar da ita, in ba wanda ya yi shekaru yana bin maganar marayu ba?

Duk da haka, akwai rami a gabansa wanda ya fi fāɗuwa zaɓe haɗari, shi ne cin zaɓen. Mai hidima ya saba da biyan bukatar mutum ɗaya ɗaya. In ya hau kujera sai ƙofarsa ta cika da masu neman kuɗin magani da na suna da na biki, shi kuwa kunya ta hana shi cewa babu. Kafin ya farga ya zama mai rabon kuɗi, ya manta da karanta kasafi, rufin da ya hau don ya gyara yana nan yana yoyo. In albashi ya kāsa, sai ya fara neman kwangila, daga nan kuwa bakinsa ya mutu a gaban waɗanda aka aike shi ya tsare. Ba a gudu ana susar ɗuwawu. Talakawa ma suna da nasu laifi a nan, gama in sun mai da wakili baitulmali, su suka tura shi ga abin da za su zage shi a kai gobe.

Saboda haka in irin wannan mutum ya fito neman kujerar Jibiya, kada a ce tun da mai kirki ne shi ke nan, kada kuma a ce tun da ba shi da kuɗi ba shi da amfani. A tambaye shi wace doka zai kawo, a ji ko ya san bambancin aikin jiha da na Tarayya. A duba ko dā yana taimakon kowa ne, ko kuwa sai ɗan jam'iyyarsu. A binciki abin da ya taɓa ratsawa ta hannunsa na marayu ko na 'yan gudun hijira, a ga ko ya isa inda aka nufa, gama Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Waɗanda suka yi yaƙi da jahilci suka iya karatu, nauyin ya fi hawa kansu, domin su ne za su karanta wa 'yan'uwansu abin da aka rubuta, su kuma riƙe alkawarin da aka yi a takarda har shekara huɗu ta zagayo.

Malam Aminu ya riƙe muƙamin Kwamishinan Tarayya daga 1967 zuwa 1974, na sadarwa sa'an nan na lafiya, ya nemi Shugaban Ƙasa a 1979 bai samu ba, ya rasu ran 17 ga Afrilu 1983. Bai bar dukiyar da za a yi rigimar gado a kanta ba. Gidansa na Gwammaja, wanda ake kira Mambayya, yanzu yana hannun Jami'ar Bayero, an mai da shi wurin nazarin mulkin jama'a. Mutumin da sau biyu ya nemi Majalisar Jihar Arewa bai samu ba, yau filin jirgin sama na Kano da babban asibitin koyarwa sunansa suke amsawa. Allah ya ji ƙansa, ya ji ƙan Hajiya Gambo, ya ba ƙasar Jibiya zaman lafiya da wakilai masu riƙon amana, amin.