Dillalin Da Ba Ya Karɓar La'ada

 Mu 'yan ajin kimiyya za mu faɗi albarkacin bakinmu a kan abin da ya shafi kowane gida a Mahuta, wato takin zamani.

Yawancinmu 'ya'yan manoma ne. Kuɗin makarantarmu daga masara da auduga da waken suya yake fitowa. Tun 1975 da aka soma shirin raya aikin gona na Funtua da taimakon Bankin Duniya, iyayenmu suka rungumi noman masara, ita kuwa masara ba ta yi sai da taki. In ba ta sami yuriya ba, ganyenta ya yi ɗorawa, goyonta ya fito ƙanana. A 2022, da yaƙi ya ɓarke tsakanin Rasha da Yukiren, farashin taki ya yi tashin gwauron zabi. Gidaje da yawa suka rage faɗin gona, bara ta gaba kuma kuɗin makaranta ya gagari wasu daga cikinmu. Saboda haka wannan magana ba ta littafi kaɗai ba ce a wurinmu.

Mene ne a cikin buhun yuriya? Kashi 46 cikin 100 nasa naitirojin ne. Abin mamaki, kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa shi ma naitirojin ne. Ashe abin da muke saye da tsada yana nan yana yawo kyauta a bisa gonakinmu. Sai dai ƙwayoyin naitirojin na iska biyu biyu suke, a ƙulle tamau, masara ba ta iya raba su. Dole a raba su tukuna, a haɗa su da haidirojin, su zama amoniya. Daga amoniya ne ake yin yuriya.

A nan ne dillalinmu ya shigo. Masana suna kiransa katalis, wato abin da ke gaggauta haɗuwar abubuwa biyu ba tare da shi kansa ya ƙare ba. Kamar dillali yake a kasuwar Funtua: ya kawo mai saye da mai sayarwa, ciniki ya faɗa, shi kuma ya juya ga waɗansu. Bambancin kawai shi ne wannan ba ya karɓar la'ada. A 1909 wani Bajamushe, Fritz Haber, ya nuna ana iya haɗa amoniya daga iska. Carl Bosch na kamfanin BASF ya mai da abin masana'anta a garin Oppau a 1913, bayan abokan aikinsa sun yi dubban gwaje-gwaje kafin su tsaya a kan baƙin ƙarfe. A kan fuskar ƙarfen ne ƙwayoyin nan biyu suke rabuwa, su kama haidirojin, amoniya ta tashi, ƙarfe kuwa yana nan yadda yake. Duk da taimakonsa, sai an kai zafi wajen digiri 450, an kuma matse iskar fiye da sau 100.

To, ina matsalar take? Haidirojin ɗin daga iskar gas ake ciro shi, aikin kuma yana fitar da hayaƙin da ke ɗumama duniya. Yin amoniya kaɗai yana cinye kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na makamashin duniya. Shi ya sa masana'antunmu suke can Kudu inda gas yake, kamar ta Onne kusa da Fatakwal, da ta Dangote da aka buɗe a Legas a 2022. Kafin buhu ya iso Mahuta ya yi tafiyar ɗaruruwan kilomita, kuɗin mota kuma a kan manomi yake ƙarewa.

Yanzu masana suna neman wata hanya. Ana iya raba ruwa da wutar lantarki ta hasken rana a sami haidirojin mai tsabta, wannan ma da taimakon katalis. Amma ajiye haidirojin yana da wuya ƙwarai, don ba ya zama ruwa sai sanyi ya kai digiri 253 ƙasa da sifiri. Amoniya kuwa a digiri 33 ƙasa da sifiri take zama ruwa, kusan kashi 18 cikin 100 na nauyinta kuma haidirojin ne. Ke nan amoniya kamar rumbu take ga haidirojin: a zuba a ajiye, ran da ake bukata a fasa ta da wani katalis a kwashe. A 2013, a garin Morris na Jihar Minesota ta Amurka, an soma gwada yin amoniya da wutar da iska ke juyawa. Har yanzu wannan hanya ta fi ta gas tsada, amma rana dai Allah ya ba mu ita a wadace.

Ba ma sai mun jira Turawa ba. Mahalicci ya riga ya ajiye nasa dillalin a gonakinmu. Ku tumɓuke gyaɗa ko wake ko waken suya, za ku ga ƙananan ƙulli a jikin saiwa. Ƙwayoyin halitta ne a ciki, suna raba naitirojin na iska ba wuta, ba inji. In kun tsaga ƙullin kuka ga cikinsa ja-ja, to yana aiki. Shi ya sa masu binciken noma na Samaru suke ba da shawarar a riƙa bin wake da masara a gona ɗaya. Haka kuma muna roƙon iyayenmu su riƙa binne yuriya maimakon watsa shi a sama, domin in ya kwana a fili cikin zafi, wani sashe nasa yakan koma amoniya ya bi iska, kuɗi ya tafi a banza.

'Yan'uwa ɗalibai, musamman ƙannenmu na ƙananan azuzuwa, kada ku gudu daga ilmin kemistiri don an ce yana da wuya. Ƙasarmu tana bukatar waɗanda suka san gona suka kuma san ɗakin gwaji, mu ne kuwa muka taso da fartanya a hannu. Ga 'yan'uwa a ikilisiya kuma, mu ɗauki halin wannan dillali: mu zama masu haɗa waɗanda suka rabu, a gida da unguwa, ba don a biya mu ba.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kuma sa wa karatunmu albarka. Amin.