Eranyi: ƙauyen da aka zana, da matar da ta riƙe gidan

Ƴan uwa mata, a arewa maso yammacin birnin Faris na ƙasar Faransa akwai wani ɗan ƙauye da ake kira Eranyi, a bakin wani ƙaramin kogi mai suna Eft. Ba wani babban gari ba ne: gidaje kaɗan, makiyayar shanu, itatuwan tuffa, sai hasumiyar cocin ƙauyen da ke ƙetaren ruwa. Amma yau hotunansa suna rataye a manyan gidajen tarihi na duniya.

Dalili kuwa, a 1884 wani mai zane, Kamil Pisaro, ya tare a can da iyalinsa, kuma gidan ne mazauninsa har rasuwarsa a 1903. Yana cikin masu zanen da suka fara baje kolinsu a Faris a 1874, waɗanda suka fita fili da fenti da buroshi suna bin haske. Fili guda zai zana da hantsi, ya sake zana shi da la'asar, ya kuma zana shi cikin hazo. In kin matsa kusa, ɗige-ɗigen launi kawai za ki gani. In kin ja baya, sai ga ciyawa, ga inuwa, ga mutane.

Su wa ke cikin hotunan? Galibi mata ne a bakin aiki: mai tsinkar tuffa, mai shanya wanki, mai tara ciyawa, mai sayar da kaji a kasuwar Jizor da ke kusa. Mai kallo sai ya ce, kai, wannan ƙauye akwai kwanciyar hankali!

To, kwanciyar hankalin nan wata ce ta ɗauki nauyinsa. Shekaru da dama zanen bai kawo kuɗin kirki ba, ga ɗiya da yawa, gidan kuma na haya. Matarsa Juli, ɗiyar manoma, ita ke noman lambu da kiwon kaji don tukunya ta hau wuta. A 1892 aka sa gidan a kasuwa. Juli ba ta tsaya jira ba, ta nemi rance wajen abokin mijinta, mai zane Kulod Mone, ya ba su faran 15,000 na kuɗin lokacin. Suka sayi gidan, daga baya aka biya bashin. Ɗakin ajiyar ciyawa aka mayar wurin aiki, aka buɗa masa babbar taga. Da ciwon ido ya hana tsohon daɗewa cikin iska, ta tagar nan ya ci gaba da zana filin.

Mu da muka san nauyin rance da ranar biya, mun san zuciyar da Juli ta yi. Da ta ji kunyar tambaya, da gidan ya tafi hannun wani, tagar ma ba za a buɗa ta ba.