Na yi wa Kuran Daga rashin adalci a gaban ɗalibaina

Duk wanda ya tashi daga Matameye zuwa Damagaram sai ya bi ta Kance da Takeita, sannan ya ratsa Tirmini. A Tirmini ne Sarkin Damagaram Amadu Kuran Daga ya tari sojojin Faransa a watan Yulin 1899. Na sha wucewa ta wurin ina gyangyaɗi a mota, ban taɓa cewa direba ya dakata ba.

Ba wannan ne babban laifina ba. Lokacin da nake koyarwa a lakwal, na faɗa wa yara cewa Kuran Daga sarki ne da ya ci amanar baƙonsa Bafaranshe, kyaftin Cazemajou, ya sa aka kashe shi a watan Mayun 1898, alhaki kuma ya kama shi. Haka na ji, haka na juye musu. Yaran suka rubuta a kaye, suka haddace, na ba su maki.

Wani dattijo, kakan ɗaya daga cikinsu, shi ya tare ni a bakin masallaci bayan la'asar, kayen jikansa a hannu. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Mushe, baƙon nan da kake faɗa, ina ya nufa?" Na yi shiru. Ya ce, "To, je ka bincika, ɗana."

Na bincika. Ashe Cazemajou wajen Rabeh ya dosa, wanda ya ci Borno a 1893, ya zama barazana a gabashin Damagaram. Sarkin da ya ga Bature da bindigogi zai haɗa kai da maƙiyinsa, me ake so ya yi tsammani? Ana iya jayayya kan hukuncin da ya yanke, amma ni ko dalilinsa ban gaya wa yara ba. Ban kuma gaya musu cewa rundunar da ya fuskanta a Tirmini ragowar ta hafsoshin Faransa Voulet da Chanoine ce ba, wadda ta yi wa Birnin Konni kisan gilla a 1899 ɗin. Bayan faɗuwar birnin Damagaram, wato Zinder, aka bi Kuran Daga aka kashe shi a watan Satumba. Faransawa suka laƙaba wa barikinsu na Zinder sunan Cazemajou.

Yau babbar lise ta Zinder sunan Amadu Kuran Daga take ɗauke da shi, kuma ya cancanta. Sai dai suna a bakin ƙofa ba ya magana. Malami ne bakinsa, ni kuwa bakin waɗanda suka kashe shi na ara. Na koma aji na ce wa yara su soke abin da na rubuta musu, kuskurena ne.

'Yan'uwana malamai na Matameye da Kance, in kun kai ɗalibai Damagaram, ku tsaya da su a Tirmini, ku ba su labarin gaba ɗayansa.