Daga Bronx zuwa Zango: Takardar Izinin Komawa

Birnin New York kashi biyar ne, Bronx kuwa shi ne na arewa. Wanda ya hau jirgin ƙasa mai lamba 4 daga Manhattan, ya sauka wajen filin wasa na Yankee, ya miƙa babban titin nan Grand Concourse, ba zai yi nisa ba sai ya ji Hausa irin ta Nima da Zangon Kumasi. Ga masallatai, ga kantuna ana sayar da goro da gari da busasshen kifi, ga gidajen abinci na tuwo da wake da shinkafa. In ban da sanyin Janairu mai shiga ƙashi, sai mutum ya ce a gida yake.

Da yawa daga mutanenmu sun isa can ne ta cacar biza wadda dokar 1990 ta kafa, wasu kuma 'yan'uwa ne suka ɗauke su. To, sabon zuwa da zarar girin kad ya shiga hannunsa, sai hankalinsa ya koma gida. Ga tsohuwa ba lafiya, ga ginin da aka bari a linta, ga karatun da bai ƙare ba. Nan ne ake yin asara, don katin nan na mazauni ne, ba na mai kai ziyara ba. Wanda ya cika shekara guda a waje, katin kaɗai ba zai shigar da shi ba, sai ya nemi biza ta musamman, SB-1, a ofishin jakadanci, ya kuma nuna cewa abin da ya fi ƙarfinsa ne ya tsare shi. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Maganin wannan shi ne takardar izinin komawa, wani ɗan littafi mai kama da fasfo. Ana nemanta da fom I-131 a hukumar USCIS, wadda ta gaji tsohuwar INS a 2003. A watan Afrilu na 2024 an sa kuɗinta dala 630. Sharaɗi na farko, lalle mutum ya kasance cikin Amurka ranar da ya shigar da fom ɗin. Ba a nema daga Akra ko Tamale. Sa'an nan a jira wasiƙar kira zuwa ɗaukar hoto da zanen yatsu. Wanda aka kira bai je ba, ana iya watsar da buƙatarsa, kuɗinsa kuma ya tafi. Shi ya sa hukumar ke ba da shawara a nema aƙalla kwana 60 kafin tafiya. Bayan an ɗauki yatsu mutum na iya kama hanya, in ya rubuta a fom ɗin cewa a aika masa littafin ofishin jakadancin Amurka da ke Akra.

Yawanci takardar shekara 2 take yi, kuma ba a ƙara mata wa'adi. In ta ƙare sai an koma Amurka an nemi sabuwa. Wanda ya sami katin wucin gadi ta hanyar aure, tasa ba ta wuce ranar ƙarewar katin.

Amma fa kada a ɗauke ta laya. A filin jirgin sama na Kennedy, jami'i na da ikon tambaya: ina gidanka, ina aikinka, ka biya haraji? Saboda haka a bar adireshi da asusun banki, a riƙa cika takardar haraji kowace shekara a matsayin mazauni. Haka kuma mai burin zama ɗan ƙasa ya sani cewa tafiyar da ta wuce wata 6 na iya ɓata masa lissafin shekaru 5 da ake buƙata, ta shekara guda kuwa tana katse shi, ko da yana riƙe da takardar.

Ku kuma iyaye da ke gida, idan yaro ya ce zai jinkirta zuwa sai an ɗauki yatsunsa, ku yi haƙuri ku sa masa albarka. Jinkirin 'yan watanni ya fi asarar wahalar shekaru. Allah ya kai matafiya lafiya, ya komo da su lafiya, amin.