Milimita ɗaya a kan injin mota

Yau ba zancen kuɗin makaranta ko wurin kwana zan yi ba, zancen sifirin ɗin bawul ne. Ku yi haƙuri ku karanta har ƙarshe, musamman 'yan aji huɗu masu neman abin da za su yi bincike a kai.

Ina digiri na biyu a fannin Fiziks a nan Jami'ar Jos, ranar Asabar kuma ina garejin kawuna a Farin Gada, don da shi nake haɗa kuɗin karatu. Dokar da Robert Hooke ya wallafa a 1678, wadda muka haddace tun sakandare, cewa ƙarfin sifirin yana ƙaruwa daidai da yadda aka matse shi, a garejin nan na ga ana cin abinci da ita.

Ga yadda abin yake. Kowane bawul a kan inji yana da sifirin da ke mayar da shi ya rufe. Ko bawul yana rufe, sifirin ɗin a matse yake, kuma tsayinsa a wannan halin shi ne tsayin ɗauri. Ƙarfin da yake danne bawul da shi a mazauninsa daga nan yake fitowa. Misali, sifirin mai tsawon milimita 48, wanda kowace milimita ta matsi ke ba da niyuton 40: in an ɗaura shi a milimita 40, matsin milimita 8 ne, wato niyuton 320, kusan nauyin kilo 33.

To, duk lokacin da aka sauke kan inji aka wasa bawul da mazauninsa, bawul ɗin yana ƙara nutsewa, sandarsa ta ƙara fitowa sama, sifirin ya sassauta. Milimita ɗaya kacal, kashi ɗaya cikin takwas na ƙarfin ya tafi. Ido ba ya gani, kuma motar za ta tashi lafiya lau a gareji.

Sai a kan hanya asiri ke tonuwa. In inji yana juyi 3,000 a minti, kowane bawul yana buɗewa ya rufe sau 25 a daƙiƙa guda. Sifirin mai rauni ba ya iya riƙe shi, sai ya riƙa tsalle a mazauni. Bawul ɗin hayaƙi kuma mafi yawan zafinsa ta mazaunin yake saukewa, in bai zauna daram ba sai ya ƙone. Ku ƙara da cewa Jos tana kusan mita 1,200 sama da teku, iska ba ta da kauri, inji yana rage ƙarfi, direba dole ya sa ƙaramar giya ya ba ta wuta. Duk wanda ya taɓa hawo Hawan Kibo daga Akwanga ya san kukan da nake nufi.

Kwanakin baya wani bawan Allah mai tsohuwar 504 a-kori-kura, da ke kai dankalin turawa Lafiya, ya kawo mana motarsa. Sau biyu a wata huɗu bawul yana ƙone masa, sau biyu ana sauke kan injin a wani wuri. Kawu ya danna sifirin da tafin hannu ya ce, "Wannan ya mutu." Na ce, "Kawu, bari mu auna tukuna." Da ma'aunin Vernier muka gano sifirin ɗin lafiyarsa ƙalau, tsayin ɗaurin ne ya wuce. Muka sa siririyar washa ta ƙarfe a ƙarƙashinsa, muka kuma tabbatar in bawul ya buɗe gaba ɗaya zagayen sifirin ba sa haɗewa, don in an cika washa wata ɓarnar ce ta daban. Hannun Kawu ya ji raunin kafin kowa, ma'auni kuma ya nuna inda ya fito. Mai motar bai sayi sabon sifirin ba, kuma har yau yana kan hanya.

Abin da ke damuna shi ne, daga Naraguta zuwa Farin Gada ba nisa, amma da yawanmu muna ganin shiga gareji zubar da aji ne. Muna kwafo taken bincike daga intanet a kan matsalar da ba ta shafi kowa a nan ba, alhali motocin da ke kai mu gida hutu, Kano, Bauchi, Gombe, duk an sha sauke musu kai.

Ga take kyauta: a auna sifirin ɗin da ake sayarwa a kasuwar kayan gyara, sabo da na hannu, a kwatanta da abin da littafin kamfanin motar ya ce. Ma'auni da sikeli kawai ake buƙata, sai ladabi. Ka je ka gaida Oga, ka tambaya kafin ka taɓa masa kaya.

Mai sha'awa ya yi min magana, Asabar mu tafi tare. Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, amin.