Yini Guda a Tafkin Korama

A ƙarshen watan Nuwamba na shekarar 2024, lokacin da iskar hunturu ta fara busawa, wasu abokai huɗu suka haɗu a bakin wani tafki na kwarin Korama, tsakanin Washa ta gundumar Magarya da Gushi, wadda ta koma ƙarƙashin Dungas tun da aka ba Dungas gundumarta a 2011. Dukansu aji guda suka zauna a lakwal suna yara. Na farko malamin makaranta ne, Mushe ake kiransa har a cikin gidansa. Na biyu Alhaji ne, ɗan kasuwa mai kai da komo tsakanin Magarya da Kano. Na uku injiniya ne da ya shekara ashirin a Kanada, don haka suka laƙaba masa Bature. Na huɗu masunci ne, shi ne mai kwale-kwalen, kuma ko da yake babu wanda ya naɗa shi, tun ƙuruciya Sarkin Ruwa suke ce masa.

Ta'aziyya ce ta kawo Bature gida. Mahaifiyarsa ta rasu yana can, kuma kafin ya iso har an yi sadakar bakwai. Masuncin ne ya tsaya wurin haƙar kabari, da shi aka ɗauki makara. Bature ya ji wannan labari a bakin ƴan uwansa, ya kasa samun kalmar da zai yi godiya da ita. Mushe ya lura da nauyin da ke tsakaninsu, sai ya kawo shawarar a fita su, ko ruwa ya buɗe bakin da zaure ya kasa buɗewa.

Damanar wannan shekara ta yi ƙarfi ƙwarai a jihar Damagaram, har tsohon masallacin Birni ya rushe a watan Satumba. Tafkin ya cika ya tumbatsa, ya cinye garake da gonakin rake na gefensa, har wasu bishiyoyin dabino suka koma tsaye cikin ruwa. Tun daren jiya masuncin ya shimfiɗa mamari, wato doguwar igiya mai ɗauke da ƙugiyoyi. Da hantsi ya tura kwale-kwalen da doguwar sanda, ya zaunar da kowa inda ya ga dama, ya miƙa wa Alhaji gwangwani ya ce: "Alhaji, yau babu ciniki, aikinka kwasar ruwa." Suka bi igiyar sannu a hankali, tarwaɗa na fitowa ɗaya bayan ɗaya. Da suka kai fili sai ya miƙe ya watsa birgi, ya jawo karfasa masu faɗin tafin hannu.

Ganin haka ya tuna wa Bature wata fita da ya taɓa yi da abokan aikinsa a gaɓar tekun Fasifik, cikin jirgi mai inji, don kamun kifin da Turawa ke kira salmon. Ya ce kowa sai da takardar izini, kuma hukuma ce ke ƙayyade yawan abin da mutum zai kama. Amma abin da ya fi tsaya masa a rai halin kifin ne. A ruwan daɗi ake ƙyanƙyashe shi, can cikin ƙananan rafuka, sannan ya gangara teku ya yi shekaru yana kiwo. Idan lokacin haihuwa ya yi, sai ya juyo ya tunkari kogi, yana haurar ruwa ba ya cin abinci, yana bin ƙanshin rafin da ya fito har ya same shi. Irin na Fasifik, da zarar ya zuba ƙwai, nan yake mutuwa. Bature ya yi shiru, sannan ya ce a hankali: "Shi dai ba ya makara."

Babu wanda ya amsa masa. Masuncin ya ci gaba da jan igiya, can sai ya ɗago wani dogon kifi mai santsi, mai siraran gaɓoɓi kamar zare. Ya kama shi ta bayan kai, ya gargaɗe su da cizonsa. Mushe ya san hoton kifin a littafi, ya san sunansa da Faransanci, amma sai da ya yi jim kafin sunan gaiwa ya zo masa.

Gaiwa ba ta zuwa ko'ina. Tana da huhu, tana shaƙar iska. Idan tafki ya fara ƙafewa sai ta nutse cikin laka, ta naɗe jikinta, ta lulluɓe kanta da yauƙi wanda zai bushe ya zama kamar kube, ta bar ƴar ƙofar numfashi. Haka za ta zauna watanni tana rayuwa da naman jikinta har ruwa ya dawo, shi ya sa Hausawa ke cewa gaiwa jikinta take ci. Masuncin ya ce a farin 1984, lokacin da tafkin nan ya bushe ƙurmus, da fartanya shi da mahaifinsa suke tono ta cikin busasshiyar laka, da ita gidansu ya ga wata damana. A shekarar ce aka cire shi daga lakwal, su kuma suka wuce.

Alhaji ya so ya mai da abin raha, ya ce to ga salmon ga gaiwa a jirgi guda. Masuncin bai yi dariya ba. Ya ce: "Bature, kada ka ɗauka zaman nan jarumtaka ce. Ba zaɓa na yi ba. Kuma Inna ba ta taɓa cewa ka yashe ta ba. Kuɗin da kake aikowa ni nake karɓo mata, na san abin da take faɗa." Sai a nan Bature ya sunkuyar da kai ya yi kukan da bai yi ba a zaure. Suka ƙyale shi, Alhaji na ta kwasar ruwa.

Da la'asar iska ta tura su cikin kacalla, ciyawar nan mai tsawo da ta mamaye tafkuna da dama na yankin, tana toshe hanyar jirgi, tana ba tsuntsaye masu ɓarnar hatsi mafaka. Sanda ta kasa, filafili ya kasa, rana na gangarawa. Masuncin ya tuɓe riga ya faɗa ruwa iya ƙirji, ya ce kowa ya sauko in ban da mai kwasar ruwa. Injiniya da malamin makaranta suka bi bayansa suna turi, yana gaya musu inda za su sa ƙafa, da inda laka ke haɗiye mutum. Ta kalar ruwa da kwanciyar ciyawa yake gane hanya. Ana kiran magariba suka taka tudu.

Mushe ya kwana yana juya abin a ransa. Shekara ashirin da biyar yana koyar da ƴaƴan manoma da masunta, bai taɓa tambayar aji sunayen kifin tafkinsu ba. Alhali a Damagaram aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa tun 1973, kuma a watan Maris na 2025, ƴan watanni bayan wannan fita, ƙasar Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Sai dai doka ba ta san inda laka ke haɗiye mutum ba. Wannan sani yana wurin mutane irin abokinsa, waɗanda lakwal ta rabu da su tun suna ƙanana, kuma duk wanda ya rasu a cikinsu da nasa yake tafiya.

A bakin tafkin an raba kifi kashi huɗu, gaiwar kuma aka ba Bature ya kai wa ƙanwar mahaifiyarsa. Bayan mako biyu ya koma Kanada, bai yi alkawarin dawowa zama ba, babu kuma wanda ya nemi ya yi. A ranar Litinin da ta biyo baya, masuncin ya shiga aji a karon farko cikin shekara arba'in, ɗauke da birgi a kafaɗa da bokitin kifi a hannu. Mushe ya ba shi alli, ya ce shi ba ya rubutu. Sai ya riƙa ɗago kifin yana faɗar suna, yara na amsawa, Mushe na tsaye a gefe yana rubutawa a allo.