Ƙauran Namoda, Inda Dogo Ya Tsaya

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka taimake ni da ɗan fili a cikin jaridarka, in ba 'yan'uwana masu karatu labarin wani gari na ƙasarmu, watau Ƙauran Namoda. Ni mazaunin unguwar Hubbare ne a birnin Sakkwato, maƙwabcin makwancin Shehu Usmanu ɗan Hodiyo, Allah ya ƙara masa yarda. Kullum baƙi na zuwa ziyara daga gabas da yamma, in kuwa zance ya kai ga tarihi, za ka iske kowa ya san Degel da Gudu da Tabkin Kwatto da Sifawa da Wurno. Amma da ka ambaci Ƙaura sai a ce, ai can ne ƙarshen dogo, shi ke nan. Wannan kuwa tauye wa garin hakki ne, gama ya girmi dogon da shekara fiye da ɗari.

Garin yana arewa da Gusau, a bakin gulbin Gagare. Ruwan Gagare shi ke gangarawa ya faɗa Rima, Rima kuwa ita ce ke wucewa ta arewacin birninmu. Ashe ruwan Ƙaura ya daɗe yana iso mu, jirginta ne dai bai taɓa isowa ba.

Wanda a ke kiran garin da sunansa shi ne Namoda, Bafillace daga cikin Alibawan Zurmi, ɗaya daga manyan jarumawan jihadi a ƙasar Zamfara. A shekarar 1808, sa'ad da Muhammadu Bello ya tara runduna aka kewaye Alƙalawa, babban birnin Gobir, Namoda ne ya zo da mayaƙan Zamfara, Ummarun Dallaje ya zo da na Katsina. Aka ci garin, Sarkin Gobir Yunfa ya mutu a nan. Ku duba abin da ya biyo baya. A 1809 Bello ya kafa Sakkwato, a 1815 Shehu ya taso daga Sifawa ya zauna cikinta, a 1817 ya rasu aka rufe shi inda mu ke ziyara yau. Saboda haka mutumin Hubbare ba shi da hujjar rena Ƙaura, don da takobin mai garin aka share filin da aka gina namu. Namoda kansa bai daɗe ba bayan wannan, ya rasu a wurin yaƙin Kiyawa, har wa yau kuwa sarkin Ƙaura Sarkin Kiyawa a ke kiransa.

To, sai zamanin Turawa. Hanyar jirgi ta isa Kano a 1911. Daga baya aka fid da wani reshe daga Zariya, ya bi ta Funtuwa da Tsafe da Gusau, ya isa Ƙaura a 1929, tafiyar mil 137. Kada wani ya zaci don sauƙin masu ziyara aka shimfiɗa shi. Auduga da gyaɗa a ke nema, a kai su bakin teku a Ikko. Haraji kuwa da kuɗi a ke biyansa, talaka ba shi da hanyar samun kuɗin da ta wuce ya noma abin da kanti ke saye.

A nan ne na ke so masu karatu su lura, don tashar da dogo ya ƙare ba ɗaya ta ke da tashar da jirgi ke ratsawa ba. Tashar hanya kayan ƙauyukan da ke kusa da ita kaɗai ta ke samu. Amma ta ƙarshe, duk ƙasar da ke bayanta ita ta ke wa bauta. Mutumin Zurmi da na Moriki da na Shinkafi da na Isa, in yana da buhun da zai hau jirgi, tilas ya nufo Ƙaura, da jaki ko takarkari ko raƙumi. Da kaka ta yi sai a kafa sikeli, 'yan baranda su bazu suna tarbar manoma tun daga bakin gari, leburori na ɗora buhu bisa buhu. Wanda ya kawo gyaɗa ba ya komawa hannu wofi, sai ya sayi gishiri da kananzir da goro da ɗan yadin alawayyo. Kowane baƙo kuma yana bukatar masauki da tuwo da wanzami. Ta haka jama'ar garin ta sake kama. Ban da Zamfarawa da Fulani da aka tarar, ga Gobirawa da Katsinawa 'yan cin rani waɗanda rani ya wuce ba su koma ba, ga Yarbawa da Ibo da Nufawa waɗanda aikin reluwe da akawanci da ciniki ya kawo. Jikokin waɗansunsu ba su san wani gida ba sai nan.

Amma fa Ƙaura ba ta ci ribar dogon duka ba. Mai zuwa Sakkwato a Gusau ya ke sauka ya hau mota, sauran tafiya fiye da mil ɗari, don daga can babbar hanyar mota ta tashi. Don haka manyan kantuna da ma'aikatu suka fi taruwa a Gusau, har ranar da aka yanke Jihar Zamfara daga ta Sakkwato a 1996 ba a yi gardamar inda za a sa hedkwata ba.

Sa'an nan abin da ya kawo jirgin ya gushe. Aka yi farin 1973, a 1975 wata cuta ta faɗa wa gyaɗa ta halaka gonakin Arewa, hankalin hukuma ya koma kan man fetur, a 1986 aka rushe hukumomin sayen amfanin gona. Manyan motoci suka ƙwace ɗan kayan da ya saura. Zuwana na baya na tsaya a tashar, na iske ta shiru, ciyawa ta fito tsakanin ƙarafa, awaki na kiwo. Samarin da na tambaya sun san unguwar, amma ba wanda ya iya gaya mini shekarar da jirgi ya fara zuwa.

Duk da haka garin bai mutu ba, ƙaruwa ma ya yi. A 1983 Gwamnatin Tarayya ta kafa kwalejin kimiyya da fasaha a nan, almajiranta daga kowane lardi suka maye gurbin fatake wajen cika gidajen haya da kasuwa. Ƙidayar 2006 ta ce mutum 281,367 ke cikin ƙaramar hukumar. Amma a sani wannan lissafi ya haɗa da ƙauyuka irin su Kurya Madaro da Banga da 'Yankaba, ba cikin gari kaɗai ba ne, kuma ya tsufa. Ƙidayar da aka shirya yi a 2023 ɗage ta aka yi. Tsakanin nan kuwa 'yan bindiga sun tashi ƙauyuka da yawa a ƙasar Zamfara, mutanensu suka gudo cikin garuruwa, har da Ƙaura. Waɗannan bayin Allah ba ciniki ya kawo su ba, tsoro ne, ba su cikin littafin kowa. Yaya za a yi wa gari lissafin aji da gadon asibiti da rijiya bisa ƙidayar da aka yi tun ba a haifi yaran da ke aji shida ba?

Roƙona biyu ne. Na farko ga malaman makarantu da akawunan Ƙaura, su zauna da tsofaffin da suka yi aikin reluwe da dakon gyaɗa, tun suna da rai, su rubuta wace kabila ta zo yaushe, wace unguwa ta sauka, su aiko wa Edita mu karanta. Mu nan muna da littattafan da magabata suka bar mana a kan jihadi, amma labarin zamanin dogo yana bakin tsofaffi kaɗai. Na biyu ga manyanmu. A 2021 aka aza harsashin sabuwar hanyar jirgi daga Kano ta bi Katsina da Jibiya zuwa Maraɗi, mun yi musu murna. Muna so a tuna da reshen da ya tsaya a Ƙaura tun 1929, a tashe shi, a ƙarasa shi zuwa Sakkwato.

Haza wasalam.

Ni ne mai karatun jaridarka,
Unguwar Hubbare, Sakkwato.